Ƙofar da Ba a Buɗewa Sai ga Amarya da Gawa

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Makarantar Horas da Manyan Ma'aikatan Jin Daɗin Jama'a, uban masu digiri na biyu, jagoran masu sauraron talakawa, wanda ba a ganinsa sai an nemi izini a rubuce.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta tsohon manomi ga babban malami, da fatan kana lafiya, kai da malamanka da kujerunku masu juyawa. Sunana Eppo Huizenga. Dankali na yi ta nomawa tun ina saurayi har ƙuguna ya ce ya gaji. Gidana shi ne na ƙarshe kafin katangar da ke tare ruwan teku a ƙauyen Oldewier, nan arewacin Holan. Kai ba ka san ni ba, amma makarantarka ta san ni ciki da waje. Tun shekarar da matata Aaltje ta rasu, ƙaramar hukuma ta sa ni cikin tsofaffin da ke zaune su kaɗai, ku kuma kuka nemi alfarmar ku riƙa turo ɗalibanku su koyi aiki a kaina. Na amince, a zatona abin na 'yan watanni ne. Yau ga shi na yaye ɗaliban da ban san adadinsu ba. Na ji wasu har sun zama shugabannin ofis, ni kuwa ko takardar halarta ba a ba ni ba.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne ɗalibarku Renske Oosting. Kun kayar da ita a jarrabawar gwajin aiki da ta yi a teburin kicin ɗina. Dama ɗaya ta rage mata, ranar Alhamis mai zuwa, idan kuma ta sake faɗuwa, karatun shekara biyu ya bi ruwa ke nan. Tunda an ce a gidana laifin ya auku, na ga ya dace mai gidan ya ce wani abu. Sai dai kafin in zo kan batunta, ka yi mini haƙuri in sauke wasu tsofaffin kaya da na daɗe ina ɗauke da su.

Na ɗaya, tambayar nan. Ina so in jinjina wa malamin da ya ƙirƙiro ta, don bai bar ɗalibi ko ɗaya a baya ba. Duk wanda kuka turo, namiji ko mace, dogo ko gajere, da ita yake zuwa, kai ka ce a bakin ƙofar makaranta ake raba musu. Na taɓa gaya wa wani saurayi mai gemu cewa rufin ɗakin baya yana yoyo. Ya karkatar da kai gefe guda, ya haɗa yatsu, ya ce, "To Malam Huizenga, yaya kake ji a ranka game da wannan yoyon?" Na ce masa jiƙewa nake ji, a ka da kafaɗa. Ya rubuta. Rufin ya ci gaba da yoyonsa har maƙwabcina Fokko ya hau tsani ya toshe shi, ba tare da ya tambayi ran kowa ba. Ranka ya daɗe, karkatar da kan shi ma darasi ne mai zaman kansa? Don dukansu hagu suke karkatarwa, kamar kaji sun hango shaho.

Wata kuma an koya mata ta maimaita duk abin da na faɗa. Don in gwada ta, na ce mata jiya na ga saniyar Fokko a kan keke ta nufi coci. Ko gezau ba ta yi ba. Ta ce, "Idan na fahimce ka da kyau, ka ga saniya a kan keke." Na ce ƙwarai kuwa. Ta ce ta gode da na amince da ita har na buɗe mata zuciyata. An ce mini ita ta fi kowa sakamako mai kyau a ajinsu, ni kuwa ban yi mamaki ba.

Na biyu, gahawa. Ku da bakinku kuka raɗa wa wannan aiki suna zaman teburin kicin. To wane irin zaman teburi ne babu gahawa? A nan idan baƙo ya zauna, a zuba masa gahawa, a buɗe gwangwanin biskit, ya ɗauki ɗaya, a rufe gwangwanin. Ɗaya tak. Ba ma almubazzaranci, ba ma kuma rowa. Wanda ya ƙi wannan ɗayan, tamkar ya ce maka gidanka bai kai a ci abu a cikinsa ba. Ɗalibanku kuwa sai su ɗaga hannu su ce, "Na gode, an hana mu karɓar kyauta daga wanda muke yi wa aiki. Iyakar aiki ce." Daga nan su zaro gorar ruwa daga jaka su riƙa tsotsa kamar jarirai, ni ina shan tawa gahawar ni kaɗai a gabansu kamar marowaci. Da dukan ladabi nake tambaya: idan biskit ɗaya zai iya juya kan ƙwararre mai digiri biyu, anya laifin na biskit ne?

Na uku, da'ira. Wata baiwar Allah ta shimfiɗa farar takarda a teburina, ta zana da'ira cikin da'ira, ta sa ni a tsakiya. Ta ce ilimin zamani ya gano cewa ya kamata tsoho ya fara jingina da mutanensa kafin ya jingina da hukuma, saboda haka in lissafa mata mutanena. Na ce Aaltje. Na ce ƙanena Tjaart. Na ce Geert mai tarakta, da tsohon fastonmu, da Hilke da muka yi firamare tare. Sai murna take tana cika da'irori, ta ce rabon da ta ga tsoho mai arzikin jama'a kamata an daɗe. Ta tambaye ni inda suke zaune, na ce duk wuri ɗaya, bayan coci, ko da sanda ina isa. Shawarar da ta bayar ita ce in yawaita ziyartarsu, in kuma raba musu ɗawainiyata. Ina zuwa duk Lahadi, ranka ya daɗe, ina share musu ciyawa. Har yau ba wanda ya ɗauki nauyin cefane. Ba ta tambaye ni ko suna da rai ba, ni ma ban faɗa ba, tunda ba ya cikin tambayoyin.

Na huɗu, ƙofa. Nan ne fa bakin zaren.

Gidajenmu na nan ƙofa biyu gare su. Ta baya ita ce ƙofa. Ta nan mai kawo wasiƙa yake shiga, da likita, da fasto, da duk mai rai. Ba a kulle ta da rana. Mutum ya turo, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga murya ya ce, "Da mutane?" a amsa masa daga ciki. Ta gaba kuwa, mai koren fenti da ƙararrawar tagulla, a rana biyu kawai ake buɗe ta: ranar da aka kawo amarya, da ranar da za a fitar da gawa. Aaltje ta shigo ta nan da fararen kaya tana dariyar hulata, ta kuma fita ta nan a kafaɗun maƙwabta. Da muka dawo daga maƙabarta na tura kabad ɗin kwanuka na tare ƙofar, ban sake duban wajen ba.

Littafinku kuwa wani abu daban ya ce. Ya ce ma'aikaci ya gabatar da kansa a babbar ƙofa, ya kaɗa ƙararrawa, ya nuna katin shaida, ya jira mai gida ya buɗe da hannunsa, wannan ita ce shaidar an yarda ya shiga. Doka ce mai hikima, ina kuma da yaƙinin tana aiki sosai a benayen birni inda kowa ƙofa ɗaya gare shi. A nan kuwa, lokacin da ƙafafuna ke da ƙarfi, da na ji ƙararrawa sai in zagaya in koro ɗalibin ta baya kamar agwagwar da ta ɓace hanya. Da ƙugu ya ƙi, sai na koma ƙwala kira daga kujera, ba kuwa mai jin murya ta cikin kabad cike da kwanuka. Wani ya yi ta zuwa yana kaɗawa yana komawa, daga ƙarshe ya rubuta cewa ni mai gudun taimako ne, alhali ina zaune gahawa ta huce ina jiransa. Duk kaɗawar da suka yi kuma sai Jantje, gwauruwar da ke tsallaken titi, ta ɗaga labule ta duba ko na cika. Matar nan hawan jini gare ta. Shin akwai darasin da ya tanadi lafiyar maƙwabta, ko sai a digiri na uku?

Na biyar, Renske.

Ita ma ranar farko ƙararrawa ta kaɗa. Jantje ta kasa haƙuri ta fito da tsumman goge-goge a hannu, ta ce, "Ke 'yar nan, wa ya mutu?" Renske ta ce, "Ba kowa, Inna." Jantje ta ce, "To uban me kike yi a nan? Zagaya." Sai ta zagaya. Ba zan ce maka waliyyiya ce ba. Ita ma ta karkatar da kai, ita ma ta zaro tambayar. Na ce mata, "Yarinya, kika sake tambayar raina, naki zan tambaya, kuma ni ba na gajiya." Ta kwashe da dariya, ta miƙe wuyanta, ta ɗauki biskit. Rabon da wani ɗan makarantarku ya yi dariya a kicin ɗina har na manta.

Duk sanyin nan da ya wuce tana zuwa kowane mako. Ita ta gane cewa na daina hawa sama, a kujera nake kwana. Ban gaya wa kowa ba, don a nan duk tsohon da ya ce matakala ta gagare shi, ya fara haɗa kayan tafiya gidan tsofaffi na cikin gari. Ƙurar da ta taru a kan matakalar ta gani, da bargon da na cusa bayan kujera. Muka yi faɗa sosai. Na ce mata ba ruwanta da inda nake kwana. Ta ce, "Baba Eppo, taurin kanka ya fi na ƙofar gabanka. Ka bari a sauko maka da gado, ko ka jira ranar da za ka faɗo su ɗauke ka ba shawara." Ta san dokar da za ta karanto wa ƙaramar hukuma, ta san ofishin da za ta tsare, ta san wanda ake lallaɓawa da wanda ake ɗaga wa murya. Aka sauko da gado, aka kafa mini ƙarfen dafawa a banɗaki. Ta kuma ja ni kamar rago zuwa taron shan miya na ranar Laraba a zauren ƙauye, inda Fokko ke cutar mutane a karta. Ban ce karatunku banza ba ne, ranka ya daɗe. Na ga amfaninsa da idona, a hannun wadda ta samu ta shigo cikin gidan.

Ranar jarrabawa kuka haɗo ta da mai jarrabawa, Dakta Van Beusekom, mutum mai tsabta, da siririn takalmi da na'urar ɗaukar hoto. A bakin shinge ta ce masa su zagaya. Ya ce shi zai tsaya inda littafi ya ce a tsaya. Ta zagayo ita kaɗai ta ce, "Da mutane?" na amsa. Shi kuma ya kaɗa ƙararrawa. Ya sake kaɗawa. Ya yi ta kaɗawa har Jantje ta fito tana dafe da ƙirji, Fokko kuma ya tsaya a bakin gonarsa ya cire hula. Da Dakta ya gaji sai ya zagayo ta tsohon garken shanu, taɓo har idon sawu, ya iske ta da kofin gahawa a hannu, rabin biskit a baki, tana ce mini Baba, tana yi mini faɗa a kan maganin da na tsallake. Na yi masa tayin gahawa. Ya ce iyakar aiki ce. Ya ɗosana a bakin kujera ya hau rubutu.

Laifi uku aka same ta da su: shiga gida babu tabbatacciyar shaidar izini, karɓar kyauta, da shaƙuwa wadda ta wuce kima. Ina yaba wa kwamitin da ya zauna a kan wannan, don ba ƙaramin aiki ba ne a gano laifi uku a wurin da tsoho ya koma kwana a kan gado.

Ita ta zo ta gaya mini da kanta. Ana ruwa. Ta tsaya a bakin ƙofar baya, ba ta turo ba, ba ta ce da mutane ba. Ƙwanƙwasawa ta yi. Na ce, "Shigo mana, kin zama baƙuwa ne?" Ta ce, "An hana ni shiga sai ranar maimaici, Malam Huizenga." Malam Huizenga. Na sha jin sunan nan daga bakin ɗalibanku bai taɓa damuna ba, amma ranar ya soke ni. Matar nan ta bar aikinta don wannan karatu, shekara biyu tana bin jirgin ƙasa zuwa birni tana barin 'yarta wurin kaka. Na ce zan rubuta cewa da izinina take shigowa tun farko. Ta ce izinin da ya biyo bayan shiga ba ya cikin tsari. Dole ƙofar gaba, dole ƙararrawa, dole in buɗe da hannuna a gaban mai jarrabawa. Ta ce, "Na san ba za ka iya ba, ni ma ba zan roƙe ka ba. Sallama na zo yi." Ta hau kekenta ta tafi cikin ruwan.

To, ranka ya daɗe, kun yi nasara. Zan buɗe.

Jiya da safe na kira Fokko muka kwashe kwanukan. Ya ce, "Eppo, ka haukace ne? Mutane za su ce ka mutu." Na ce, "Su ce. Kai dai kama can gefen." Ya ce, "Ni fa in Jantje ta toya kek ɗin makoki sai na ci kasona, ko kana kallo." Muka ja kabad ɗin, shi da ƙarfi, ni da baki. Ƙofar ta kumbura saboda laima, sai da ya kankare gefenta, ya zuba wa ƙarafan da take juyawa a kansu mai. Da ya gama sai ya ce shi fa ba zai taɓa mariƙin ba, ya tafi duba shanunsa. Fokko bai taɓa saurin zuwa duba shanu haka ba.

Na ja ta, ta buɗe. Haske ya faɗo a kan daɓen da na manta launinsa. Furen da Aaltje ta dasa ya yi reshe ya gitta bakin ƙofar. Ga dutsen takawa can, inda masu ɗaukar akwatin suka ɗan karkatar da shi don ya fita, na ce musu su yi a hankali, kamar za ta ji zafi. Na daɗe a tsaye riƙe da sanda ina kallon titinmu daga wurin da ban saba ganinsa ba.

Shekara da shekaru ɗalibanku suna tambayata yaya nake ji a raina, ina ba su amsar yoyo da ta saniya. To ga amsar, tunda ba wanda ya tambaya jiya. Kewar matata nake yi, kullum, tun daga safe. Kuma tsoro nake ji, don na san ni ne na gaba a wannan ƙofa. Na tare ta da kabad ne don kada in riƙa ganinta. Ka sa a rubuta wannan a inda ake rubutawa. Idan akwai maki a kansa, na Renske ne, don ba domin ita ba da har yau kwanuka na nan a wurinsu.

Saura 'yan roƙe-roƙe, waɗanda na san ba su fi ƙarfin ofishinka ba. Ka sa a sanar da fastonmu da Jantje da mai shirya jana'iza, a kan takarda mai hatimin makaranta, cewa ƙofar gaban Huizenga za ta buɗe ranar Alhamis saboda dalilan ilimi, mai gidan yana nan da ransa. Ni in na faɗa ba za su yarda ba. Ka kuma gaya wa Dakta Van Beusekom a kaɗa sau ɗaya a jira. Tsakanin kujerata da ƙofar akwai tafiya ga mai irin ƙuguna, kada a rubuta ni mai gudun taimako ina kan hanya.

Ni ma na ɗauki nawa alƙawarin. Zan ɓoye gwangwanin biskit. Ba zan ɗora gahawa ba. Zan kira ta Malama Oosting, in duba katin shaidarta da kyau kamar ban san wadda ta sauko mini da gado ba. Idan ta karkatar da kai, ni ma zan karkatar. Za ku ga baƙi biyu zaune a busasshen teburi, babu mai dariya, daidai yadda littafi yake so. In kun ga haka, don girman Allah ku ba ta takardarta, ta je ta ci gaba da shiga gidajen mutane ta inda ake shiga.

Da sun fita zan rufe ƙofar, amma ba zan mayar da kabad ɗin ba, don kada in wahalar da Fokko sau biyu. Ranar da za ta sake buɗewa ba zan iya tasowa in amsa ƙararrawa ba, ina neman afuwa tun yanzu. Idan makarantarka ta turo ɗalibi a ranar, ƙofar gaba a buɗe zai same ta, tsari ya cika. Alfarma ɗaya nake nema: a ja masa kunne kada ya tambaye ni yaya nake ji game da hakan.

Ina durƙusawa gabanka gwargwadon abin da ƙugu ya bari, tare da girmamawar da ta fi katangar tekunmu tsayi.

Naka mai biyayya, wanda aka fi kowa karatu a kansa ba a taɓa yaye shi ba,

Eppo Huizenga
Gidan ƙarshe kafin katanga, Oldewier
A zagayo ta baya, ban da ranar Alhamis